Ɓeran Fadar Shugaban Ƙasa da Bencin Asibiti

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri ga dukkan 'yan uwa mazauna Kurmi, na Sabo da Ojo da Akinyele a nan Badun, da na Agege da Idi Araba a Ikko, da na Shagamu, har zuwa na Ama Hausa a Owerri. Yaya kasuwa, yaya kuma haƙuri da zaman nesa da gida? Allah ya sa mu ga alheri, amin.

Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wani abu da kusan kowa ke da shi a cikin wayarsa, wato hotunan barkwancin nan da ake haɗawa a kan shugabanni, waɗanda yaran zamani ke kira mim. Musamman waɗanda suka shafi rashin lafiyar shugaba da halin da asibitocinmu ke ciki. Ni ba malami ba ne, a sakandare na tsaya na koma rumfar goron mahaifina, amma akwai abin da ya faru da ni da ya sa na daina kallon waɗannan hotuna kamar yadda nake kallonsu a da, shi ne nake so in ba ku labari.

A farkon watan Afrilu na 2021, saura 'yan kwanaki a kama azumi, ƙafar Baba ta kumbura. Dama yana fama da ciwon suga, sai wani ɗan rauni da ya raina a yatsa ya zame masa gyambo. Muka sa shi a tasi muka nufi wani asibitin gwamnati. Muna isa aka ce mana likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki tun ranar 1 ga wata, sai dai mu zauna ko Allah zai sa wani babban likita ya leƙo. A ranar 30 ga Maris kuwa, kwana biyu kafin yajin, shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya tashi zuwa Landan domin a duba lafiyarsa.

Muna zaune a kan benci, kusa da mu akwai wata dattijuwa Bayarabiya da ɗanta, saurayi sa'ana. Sai na ga yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, can ya miƙo mini wayarsa. Hoton jirgin sama ne, an liƙa kan shugaban ƙasa a tagar yana ɗaga hannu, a ƙasa an rubuta da turancin buroka cewa kowa ya ji da kansa sai ya dawo. A gefe guda kuma an zana saniya sanye da hula zanna. Jama'a, raina ya ɓaci. Ga rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu bai gama hucewa a zukata ba. Na miƙe na ce masa da Yarbanci ba shi da tarbiyya, yana yi wa tsoho marar lafiya izgili. Shi ma ya miƙe. Murya ta fara tashi har mutane suka fara taruwa.

Sai na ji Baba da 'yar muryarsa ya ce, "Kai, zo nan." Na durƙusa na ce, "Na'am Baba." Ya ce, "Wanda kake yi wa faɗan nan yana kan gado a Landan, ni ubanka ina kan benci. Je ka nemo mini ruwa in sha."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kuma dattijuwar nan, bayan ta yi wa ɗanta tas, ita ce ta kwatanta mana wani ƙaramin asibitin kuɗi da wata 'yar cocinsu ke aikin jinya. A can aka ceto ƙafar Baba, amma sai da aka cire yatsu biyu, kuma sai da kuɗin huhun goro biyu suka tafi. Har yau jarinmu bai koma yadda yake ba.

Tun daga ranar, duk hoton barkwancin da aka turo mini a kan shugaba da asibiti, sai na yi masa tambayoyi uku kafin in yi dariya ko in yi fushi.

Tambaya ta farko ita ce, me aka sa a cikin hoton, me kuma aka bari a waje?

Idan mai karatu ya lura, kusan dukkan waɗannan hotuna a jikin shugaba suke tsayawa. Ramarsa, tafiyarsa, tarinsa, tuntuɓensa. Abin ba yau ya fara ba. Manyanmu suna ba da labarin yaƙin zaɓen 2007, lokacin da aka kai marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa Jamus aka yi ta jita-jitar ya rasu, har Obasanjo ya kira shi a waya a tsakiyar taron siyasa ya sa a lasifika domin jama'a su ji muryarsa. A watan Nuwamba na 2009 aka kai shi Jidda, ya yi kusan wata uku a can, ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010. A wancan lokaci da saƙon tes da zanen jarida ake zolayar. Da aka zo 2017, waya mai hoto ta shiga hannun kowa. Buhari ya tafi Landan a watan Janairu ya dawo a Maris, ya sake tafiya ranar 7 ga Mayu bai dawo ba sai 19 ga Agusta, sama da kwana 100. Yana dawowa kakakinsa Garba Shehu ya ce ɓeraye sun yi ɓarna a ofishin shugaban, don haka daga gida zai riƙa aiki. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Ɓera da babbar riga, ɓera a kan kujerar mulki, ɓera yana karɓar gaisuwar sojoji. Daga baya kuma aka shigo da zancen Jibrin ɗan Sudan, wanda Nnamdi Kanu ya yi ta yaɗawa, cewa wai an musanya shugaban da wani mai kama da shi, har sai da Buhari da bakinsa ya ƙaryata a ƙasar Polan a watan Disamba na 2018.

To ga abin lura. A watan Oktoba na wannan shekara ta ɓeraye, uwargidan shugaban, Aisha Buhari, ta fito a bainar jama'a ta ce asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu, kuma da ta yi rashin lafiya ta nemi a ɗauki hoton jikinta sai aka ce na'urar ba ta aiki, alhali ana ta gine-gine a wurin. Ku tambayi mutum goma a rumfar mai shayi, duk za su tuna ɓera. Nawa ne za su tuna sirinji? Alhali maganar sirinjin ita ce ta shafe mu, domin idan asibitin da ke cikin fada haka yake, ina ga na unguwarmu?

Akwai kuma abubuwan da ban taɓa ganin an yi hotonsu ba ko sau ɗaya. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta ga lafiya. Gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, galibi tsakanin kashi 4 da 6 take yawo. A 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa. Sashe na 46 na dokar ya hana a ɗauki kuɗin gwamnati a kai ma'aikacinta magani waje, sai in kwamitin likitoci ya ba da shawara kuma minista ko kwamishina ya amince. Sashe na 20 ya hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Dokar ta kuma ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kimanin naira biliyan 55. Sakamakon duk wannan shi ne, a cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan magani a ƙasar nan, sama da 70 daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fita. Huhun goronmu biyu yana cikin wannan lissafi.

Dalilin da ya sa ba a yin hoton waɗannan a fili yake. Kasafin kuɗi ba shi da fuska, sashen doka ba ya tuntuɓe. Shi kuwa hoton barkwanci fuska yake so, domin a daƙiƙa biyu ake son ka gane ka yi dariya ka tura. Da haka sai a hankali ya koya mana cewa matsalar lafiya a Nijeriya matsalar jikin mutum ɗaya ce, in ya warke ko ya sauka shi ke nan. Alhali ko tsarin asibitocin kansa hawa uku ne: manyan asibitocin koyarwa galibi na tarayya ne, asibitocin gari na jiha ne, ƙananan na unguwa kuma suna hannun ƙaramar hukuma da hukumar jiha. Ɗan asibitin da matanmu ke zuwa awo da rigakafi, ciyaman da gwamna ne ya kamata a tambaya a kansa. Yaushe rabon da ka ga hoton ciyaman?

Tambaya ta biyu, wa ake yi wa dariyar?

A nan ne abin ya fi shafarmu mu mazauna Kurmi. Hoton da yaron nan ya nuna mini, da jirgin kawai aka zana da wataƙila ni ma na yi murmushi, domin gaskiya ya faɗa. Saniyar mai hula ce ta tunzura ni. Wanda ya haɗa hoton ya ɗauki ƙorafi na gaskiya, wanda ya shafi Bayarabe da Bahaushe da Inyamuri daidai wa daida, ya liƙa masa ƙabila. Daga nan ƙorafin ya tashi daga kan mai mulki ya koma kan duk mai sa hula. Shugaba yana Abuja ko Landan da masu gadinsa, ba zai ji komai ba. Mai shayi da ɗan acaba da mai tura baro a Bodija su ne za a bi da "aboki, ina Jibrin?" Mu kuma da muka ji zafi sai mu rungumi shugaban, mu kare tafiyarsa Landan kamar tafiyar ubanmu ce, muna cewa ai kowa yana ciwo.

Kada kuma mu ce mu kaɗai aka zalunta. Ranar 12 ga Yuni 2024 shugaba Bola Tinubu ya zame ya faɗi yana hawa motar fareti a dandalin Eagle da ke Abuja. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye dukkan zaurukan WhatsApp da nake ciki, an sa masa kiɗa, an sa masa hoton agbado. Su wa suka fi turawa? Mu ne, mu ɗin nan da muka ce a 2017 haramun ne a yi wa tsoho dariya. Maƙwabtanmu Yarbawa kuma, waɗanda suka sha dariyar ɓera, su ne suka koma cewa babu tarbiyya. Aka yi musayar kujera kawai. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A tsakanin 2017 da 2024 kuwa, ni da yaron nan da na kusa dambatawa da shi, benci ɗaya muke zama idan iyayenmu ba su da lafiya.

Tambaya ta uku, wa ke cin ribar dariyar?

Wani abokina da ya samu ya wuce jami'a ya taɓa ba ni labarin wasu masana Jamusawa biyu, Adorno da Horkheimer, da suka gudu Amurka a zamanin Hitila. Ya ce a shekarun 1940 sun yi rubutu cewa nishaɗin da ake sarrafawa kamar kayan masana'anta yana da wani aiki a ɓoye, wato ya ɗan sauke wa talaka nauyin ƙirji domin gobe ya koma ya ci gaba da ɗaukar kayan da ya saba ɗauka ba tare da ya tambayi dalili ba. Na ce masa ai mu ma mun san wannan, sunansa wawan sarki. A fada shi kaɗai ne ke iya faɗa wa sarki baƙar magana a gaban jama'a, kowa ya yi dariya har da sarkin. Ba a taɓa jin an rage haraji saboda maganar wawa ba. Ana barinsa ne domin an san iyakarta dariya, kuma fadawa in sun dara sai su ji kamar an rama musu.

Ina tsoron mun zama wawayen sarki miliyan guda, kowa da wayarsa, har da sayen data da kuɗinmu. Ka ga hoto, ka yi dariya, ka tura wa mutum ashirin, ka ji kamar ka yi wani abu. Haushin da ya kamata ya kai ka ofishin kansila ya ƙare a babban yatsa.

In kana son ka ga iyakar abin da dariyar ta canza, dubi tarihi. Ranar 31 ga Disamba 1983, a jawabin juyin mulkin da ya kawo Buhari karo na farko, Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani babu kayan aiki. A watan Afrilu na 2016 gwamnatin Buhari ta ce ba za ta ƙara ɗaukar nauyin jami'ai zuwa waje neman maganin da ake iya yi a gida ba, a watan Yuni shi da kansa ya tafi Landan saboda ciwon kunne. A 2020, da korona ta rufe hanyoyin jirgi, sakataren gwamnatin tarayya Boss Mustapha ya amsa cewa bai san asibitocin ƙasar sun lalace haka ba sai da aka ba shi aikin yaƙi da cutar. Ranar 13 ga Yuli 2025 Buhari ya rasu a wani asibiti a Landan, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Bayan rasuwar tsohon kakakinsa Femi Adesina ya ce da a asibitocin gida ya tsaya da wataƙila ya daɗe da rasuwa. Shekara 41 da 'yan watanni tsakanin jawabin farko da wannan magana, kuma ma'anarsu ɗaya.

Wani zai ce, to malam, so kake mu daina dariya mu zauna muna kuka? A'a. Bahaushe bai taɓa rabuwa da barkwanci ba, muna da tashe, muna da 'yan kama, muna da wasan taubasai, kuma sau da yawa abin da baki ke tsoron faɗa wasa ne ke fitar da shi. Na kuma yarda masu mulki suna jin zafin zolaya, in ba haka ba da ba a kama wani ɗalibin jami'a daga Dutse a watan Nuwamba na 2022 saboda 'yar maganar da ya rubuta a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ba, kafin daga baya a janye ƙarar. Abin da nake cewa shi ne a bambanta. Akwai zambo, wanda ke bin halittar mutum da ciwonsa da asalinsa, akwai kuma habaici mai hankali wanda ke bin aikinsa da maganarsa. Alal misali, a watan Afrilu na 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce likitocin da ke son fita waje su fita domin muna da rara. Hotunan da aka yi a kan wannan, na dogon layin marasa lafiya da likita ɗaya yana gyangyaɗi don gajiya, sun yi mini daidai. Ba su zagi ƙabilarsa ba, ba su taɓa jikinsa ba, maganarsa suka ɗauka suka ajiye kusa da abin da ido ke gani. Irin wannan ko a gaban Baba zan iya nunawa. Ciwo kuwa na Allah ne, wanda ya yi wa marar lafiya dariya bai san da me zai kwana ba.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, ga 'yar shawarata. Mu daina cewa mu baƙi ne a kan maganar asibiti. Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta, da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya, a nan muke biyan kuɗin rumfa da na tikiti, a nan matanmu ke haihuwa. Tun watan Mayu na 2022 akwai dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, jihohi kuma suna da nasu tsarin, a Oyo akwai OYSHIA, a Ikko akwai Ilera Eko. Muna da sarakunan Hausawa, muna da ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan albasa da 'yan shanu da ke karɓar kuɗin mako. Me zai hana shugabanninmu su je su ji sharuɗɗan, su ga ko za a yi wa 'yan ƙungiya rajista a dunƙule? Idan masu neman ƙuri'a suka zo Sabo da buhun shinkafa, me zai hana mu tambaye su ma'aikata nawa ne a asibitin unguwa, kuma ina kuɗin kashi ɗayan nan ya tsaya? Kuma in za mu je, mu tafi tare da maƙwabtanmu Yarbawa, domin wannan ƙorafi ba shi da yare. Matasanmu masu iya haɗa hoto kuma, ga aiki: ku yi mana na sashe na 20, da Hausa da Yarbanci, yadda duk wanda aka kora daga ƙofar asibiti da jini a jiki zai san doka tana bayansa.

Baba yana nan da sauƙi, yana zuwa rumfa da sanda. Jiya ma wani ya turo mini sabon hoto, na nuna masa ina jiran ya yi dariya. Ya duba ya duba, ya miƙo mini wayar ya ce, "To, allurar sugar tawa ta sauko ne?" Na ce a'a Baba. Ya ce, "To ajiye, zo ka tsince goron nan."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Inda na yi kuskure a gafarce ni, a kuma gyara mini.

Wassalam. Naku a kullum, daga Sabo, Badun.